Muhawara: Jini ne ya haɗa kan kudan zuma, ko akwai wani abu?

Malamar Halittu: Jama'a, tun 1964 William Hamilton ya kawo hujjar da har yau ake koyarwa, cewa lissafin jini ne ya sa ma'aikaciyar zuma ta haƙura da haihuwa. Namijin zuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba yake fitowa, kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 16 gare shi, mace kuwa 32. Duk maniyyinsa iri ɗaya ne sak. Shi ya sa 'yan'uwa mata da suke uwa ɗaya uba ɗaya suka yi tarayya a kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gado, alhali tsakanin uwa da 'yarta 50 ne kacal. Renon ƙanwa ya fi haifar 'ya riba ke nan. Ni ina kan wannan har gobe.

Mai Amya: Malama, a yi haƙuri, abin da ke cikin amya bai goyi bayanki ba. Sarauniya ba miji ɗaya take yi ba. Cikin mako biyun farko da fitowarta takan tashi sama ta sadu da maza, galibi 10 zuwa 20, ta adana maniyyinsu a wata 'yar jaka a cikinta, ta yi shekaru tana amfani da shi. Yawancin ma'aikatan uwa ɗaya ne uba kowa da nasa, kuma tarayyar irin waɗannan 25 ce. In kika ɗauki maza 12 kika yi lissafi, matsakaicin zai tsaya wajen 29. Ina 75 ɗin?

Likitan Dabbobi: Ga kuma gara. Namiji da mace duk da cikakken gadon uwa da uba suke zuwa, ma'aikatansu maza da mata ne, amma ku dubi suri. Haka ɓeran nan marar gashi da ke ramuka a Kenya, Habasha da Somaliya: Jennifer Jarvis ta nuna a 1981 cewa mace ɗaya ke haihuwa, sauran suna haƙa da tsaro. Sannan hujjar da kanta tana da rauni. Ma'aikaciya da ɗan'uwanta namiji 25 suka haɗa. In ta rena ƙanne mata da maza daidai wa daida, matsakaicin ya koma 50, wato ba ta ci komai ba fiye da a ce ita ta haifa.

Malamar Halittu: Dakta, na yarda 75 kaɗai ba ta isa ba, amma jini bai fita daga maganar ba. Mai Amya yana kallon zumar yau, ni kuwa asali nake nufi. A 2008 William Hughes da abokan aikinsa sun bi tarihin nau'i 267 na zuma, tururuwa da rina, suka ga duk inda zaman sarauniya da ma'aikata ya faro, uwa miji ɗaya gare ta. Yawan maza daga baya ya zo, bayan ma'aikata sun riga sun yi nisan da ba komawa. Garar ma da ka kawo, sarki ɗaya da sarauniya ɗaya ke rufe kansu a rami su kafa gida.

Mai Amya: To ta yaya kuda ke gane jininsa? Wari yake bi, warin kuma koyonsa yake daga kakin saƙa da jikin abokan zama. Dubi yadda ake haɗa gida biyu a akwatin zamani. A cire sarauniyar da ta fi rauni. Da yamma a ɗora akwati ɗaya kan ɗayan, a sa fallen jarida tsakani, a tsaga shi da wuƙa wuri 2 ko 3. Kafin su cinye takardar, kwana 2 zuwa 3, wari ya gauraya, sai su zauna lafiya ba tare da dangantakar komai ba. In aka haɗa su kai tsaye, da safe gawawwaki za a tarar a bakin ƙofa. Baƙuwar sarauniya ma a ɗan keji ake sa ta, a toshe bakinsa da daskararren sukari na 'yan kwanaki. In aka sake ta nan take, sukan dunƙule ta har ta mutu.

Masanin Ƙwari: Wannan gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma a daji ba wanda ke sa musu jarida. Wanda ke warin gidanku kusan kullum ɗan uwarku ne, don haka bin wari ya wadatar. Abin da ba ku taɓo ba shi ne batun tilastawa. Ma'aikata na iya saka ƙwan namiji, sai dai 'yan'uwansu suna cinye kusan duka, kamar yadda Francis Ratnieks da Kirk Visscher suka nuna a 1989. Lissafin ma ya yi daidai: ɗan sarauniya 25 ne a gare su, ɗan 'yar'uwar da ba ubansu ɗaya ba 12.5. In sarauniya ta mutu, tsutsa ta ƙare, cikin mako 2 zuwa 3 cinye ƙwan nan yakan tsaya. Za a ga ƙwai 2, 3 ko fiye a rami ɗaya, manne a gefe don cikin ma'aikaciya bai kai ƙasa ba, kuma duk maza za su fito.

Likitan Dabbobi: Ashe ke nan ba sadaukarwa ba ce zalla. Shi ya sa har yanzu nake ganin Martin Nowak, Corina Tarnita da Edward Wilson suna da abin faɗa a 2010, da suka ce gida mai bukatar tsaro ne ya fara tara su, dangantaka ta biyo baya. Na san masana fiye da 130 sun haɗu sun yi musu raddi. Amma Malama, zanzaro ma namijinsa daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba yake fitowa, kuma macen ita kaɗai take gina ɗakinta na laka. Me ya hana ta tara ma'aikata?