Neman kalma: me za mu kira "vein" na cikin dutse?

Ɗalibin ilimin duwatsu, Akoka:
Salamu alaikum jama'a. An ce in yi wa matasanmu na Agege bayani da Hausa a kan inda zinare ke zama a ƙasa, na zo na cije a kalma ɗaya: vein, amma na dutse, ba na asibiti ba. Ga yadda abin yake. Dutse ya tsage can ƙarƙashin ƙasa, ruwa mai tsananin zafi ɗauke da narkakkun ma'adinai ya kutsa cikin tsagar, da ya huce sai abin da ya ɗauko ya daskare ya toshe ta. Yawanci farin dutsen nan ne mai tauri da ƙyalli. Zinaren Anka da Maru da Birnin Gwari da Ilesha galibi a cikinsa yake. Ina son kalmar da mai haƙa zai gane, malamin aji kuma ba zai ji nauyin rubuta ta a allo ba.

Bazamfare mai shago, Agege:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba sai ka wahalar da kanka ba. Na yi aikin rami kafin in zo Legas, mu layi muke cewa. Ka samu layi, ka bi layi, layi ya ɓata. Akwai wanda muka bi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, fari fat a cikin baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Muna cikin bi sai ya ƙare ƙurmus a jikin wani bango mai santsi, kamar an sa wuƙa. Muka ce aljanu sun ɗauke. Wasu da suka sara ta hagu, 'yan kamu kaɗan, suka same shi yana ci gaba abinsa.

Malamar jinya, Idi-Araba:
Yaya, layi ya yi wa kalma yawa a garin nan. Layin waya, layin mai, layin dogo, layin gidanku. Ka rubuta "layin zinare" wani zai ɗauka jerin shagunan masu gwal ne a kasuwa. Me ya hana jijiya? Bahaushe ya riga ya ba ta faɗi: ta jini jijiya, ta bishiya jijiya, wadda ke hana nama tauno ma jijiya. Duk abu ne siriri da ya ratsa cikin wani jiki yana rassa.

Magini, Mile 12:
Hajiya, ni inda jijiya ta dame ni, tare ake haihuwar mutum da jijiyarsa. Wannan kuwa yaron ya ce daga baya ta shigo. A aikinmu in bango ya tsage muka cusa siminti, ciko muke cewa. In bayan shekara wata tsagar ta zo ta ratsa cikon, ko yaro ya duba ya san wanne ya riga wanne. Ina ganin "cikon tsaga" ya fi faɗin gaskiya.

Ɗalibin ilimin duwatsu, Akoka:
Baba magini, wallahi ka taɓa inda ke min ƙaiƙayi, don da wannan ƙa'idar ake karanta tarihin duwatsun gaba ɗaya: wanda ya yanka shi ne ƙarami, wanda aka yanka shi ne babba.

Bari in ɗan buɗe. A yammacin Najeriya akwai jerin duwatsu masu falle-falle da suka miƙe a tsaye, daga arewa maso gabas kaɗan zuwa kudu maso yamma: na Zuru, Anka, Maru, Birnin Gwari, Kushaka, Zungeru, har Egbe da Isanlu da Ilesha. Asalinsu laka ne da yashi da aman wuta da suka kwanta a shimfiɗe. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, tsohon ɓangaren Afirka ta Yamma daga yamma da wanda muke kai daga gabas. Matsi da zafi suka dafa shimfiɗun nan, suka naɗe su, abin da ke kwance ya tashi tsaye. Ba kuma sau ɗaya aka matsa ba, shi ya sa ake samun naɗi a kan naɗi.

To farin dutsen nan shi ne shaidar da ta rage. In ka gan shi ya lanƙwashe tare da dutsen da ke ɗauke da shi, ya riga matsin zuwa, ko tare suka zo. In ya tsinke gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsakiya kauri baki siriri, an ja shi ne lokacin dutsen kewaye yana da laushi shi kuma ya ƙi miƙuwa. In kuwa ya ratsa naɗin a miƙe ko gezau, bayan an gama matsin ya shigo. Waɗanda ke ɗauke da zinaren namu yawanci na ƙarshe-ƙarshe ne, suna bin manyan karayar dutse irin ta Anka da ta Ifewara. Kusa da ta Ifewara ɗin ne mahaƙar Segilola take a jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinare a 2021.

Yayana na Agege, ba aljanu ba ne. Bangon nan mai santsi wata karaya ce da ta zo daga baya ta gusar da rabin layinku gefe.

Direban tifa, Ojota:
Ni ban yi boko ba amma dutse nake ɗauka kullum. Legas ba ta da dutse nata, yashi ne da laka, duk tsakuwar da kuke zuba dakin da ita daga wajen Abeokuta da Ibadan muke kawowa. A kwari, wato inda ake fasa dutse, kafin a fasa za ka ga ƙaton dutse toka-toka da farin zane kaurin yatsa, wani ya gitta wani, na farkon ya ɗan goce daidai inda suka haɗu. Amma Baba, ciko a garin nan ya riga ya zama na masu zuba yashi a ruwa, su Lekki da Eko Atlantic. Ka ce cikon zinare, sai a tambaye ka fuloti nawa.

Malamar jinya, Idi-Araba:
Ga wani dalilin da ya sa nake son kalmar da za ta shiga kunnen uwa a ƙauye. Abin nan ba zinare kaɗai yake ɗauka ba. A 2010 a ƙauyukan Bagega da Dareta da 'Yargalma na jihar Zamfara, dutsen da ake kawowa gida ana niƙawa cike yake da dalma, yara sama da 400 suka rasu. In aka ce mata "wannan jijiyar da dalma a cikinta", ta gane nan take. "Cikon tsaga" sai an tsaya an yi fassara.

Dattijo, Obalende:
Kowa ya kawo gaskiya, amma ba a ɗora wa kalma ɗaya dukan kaya. Ɗana, rubuta jijiyar dutse, jam'i jijiyoyin dutse. In da abin nema a ciki ka ce jijiyar zinare, jijiyar dalma, ko jijiyar kuza irin doguwar nan ta Ririwai a jihar Kano. Wadda ba ta cike ba ka bar ta a tsaga. Maganar magini kuma kada ta faɗi ƙasa: wurin farko da kalmar ta fito ka ce jijiya tsaga ce da ta cike daga baya, shi ke nan ka sallami mai karatu. Su jerin duwatsun naka na Anka da Maru da Turawa ke kira "belt", kada in ji ka ce ɗamara ko bel. Ziri ne. Duk mai sauraron rediyo ya san Zirin Gaza.

Bazamfare mai shago, Agege:
Ranka ya daɗe mun karɓa, a takarda. A cikin rami dai ba wanda zai ce wa ɗan'uwansa "miƙo fitila na ga jijiya".

Ɗalibin ilimin duwatsu, Akoka:
Na rubuta: jijiyar dutse, tsaga, ziri. Layi zan ambata a matsayin kalmar masu haƙa. Saura bangon nan mai santsi da ya raba ku da zinarenku, Yaya. Karaya nake ta cewa, amma karaya ba ta nuna cewa ɓangare ɗaya ya gusa ya bar ɗaya. Direba ya ce "goce". Akwai mai ganin a ce gociya?