Esin da ke sanyi kuma yana ɗumi, wanne zan saka wa Hajiyarmu a Jos?

Baban Ummi:

Salam jama'a, dan Allah masu sani a taimaka da shawara. Muna ƙarasa gyaran ɓangaren Hajiyarmu a Jos, ɗaki ɗaya ne da falo, ɗakin ƙafa 12 sau 12 falon kuma zai kai 14 sau 18, an yi silin an saka tagogin gilas masu zugewa. To ita matsalarta sanyi ne, da Disamba ta shigo ƙafafunta suke fara ciwo sai ta sa a shigo mata da kaskon garwashi cikin ɗaki, mun yi mun yi ta daina amma ina. Sannan wajen Maris da Afrilu kuma zafi ya kan ɗan matsa duk da dai ba irin namu na Kano ba. Wani abokin aikina ya ce min akwai esi irin sifilit ɗin nan na bango da ake juya shi ya dinga busa iska mai ɗumi, to ni dai duk shagon da na leƙa kowa cewa yake nashi yana yi, sai ya ɗauko rimot ya nuna min hoton rana. Tambayoyina: gaskiya ne yana ɗumama ɗaki sosai ko suna ne kawai? Hos nawa zan saya? Kuma gidan da sola, inbata 3.5kVA da batir tubula guda biyu, zai ɗauka? Wani kuma yace in sayi mai kai biyu da inji ɗaya a waje. Na gode.

Injiniyan Sanyi:

Wa alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya saka maka da alheri. Wannan sana'ata ce don haka bari in ɗan yi tsawo.

Na farko kar ka yarda da maganar rimot ko kaɗan. Kamfani ɗaya rimot iri ɗaya yake bugawa ya saka a kwalin mai sanyi kaɗai da mai yin biyun, hoton ranar nan yana jikin kusan duka, in ka danna a mai sanyi kaɗai ko dai ya tsallake shi ko ya tsaya yana kallonka. Yawancin esin da ake shigowa da su Najeriya na sanyi ne zalla saboda shi kasuwa ke nema, mai yin ɗumi sai an neme shi da gangan, wani lokacin ma sai dila ya yi maka oda. Abin da ya raba su wani bawul ne mai hanya huɗu da ke cikin injin waje, shine yake juya tafiyar gas ɗin, maimakon ya kwashi zafin ɗaki ya zubar waje sai ya kwaso zafin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi ɗaki. In babu wannan bawul ɗin babu ɗumi, magana ta ƙare.

Yadda zaka gane: ka duba sitikar da ke gefen injin waje, ba kwali ba. Mai yin biyun zaka ga layi biyu na ƙarfi, ɗaya Cooling ɗaya Heating kowanne da lambarsa. Lambar model ma tana faɗa, a Gree GWC na sanyi ne kawai GWH kuma yana ɗumi, a Midea zaka ga CR ko HR bayan lambar girman, waɗanda aka yi wa kasuwar Chana kuma KF da KFR, mai R ɗin shine naka.

Girma kuma, ɗakin 12 sau 12 hos ɗaya ya ishe shi wato BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin esi ne), falon 14 sau 18 zan ce hos ɗaya da rabi BTU 12,000 tunda Jos ce, da Sakkwato ce ko Maiduguri da sai ince hos biyu. Kar ka ce bari in sayi babba ya fi ƙarfi, babba a ƙaramin ɗaki kunnawa da kashewa zai ta yi, ga cin wuta ga wahalar da kwamfuresa. Kuma lallai esi mai inbata zaka saya, wato wanda kwamfuresansa ke ƙara gudu da ragewa maimakon kunnawa da kashewa, tunda kuna kan sola, wanda ba inbata ba lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci, 3.5kVA ɗin nan zai dinga ihu yana ɗaukewa musamman in firij na kai.

Mai kai biyu da inji ɗaya ni ban ba ka shawara ba. Ran da injin wajen ya samu matsala ɗaki da falo duk sun tsaya lokaci ɗaya, kayan gyaransa ba kowane shago ba, sannan ba zai yiwu ɗaki na ɗumi falo na sanyi ba, dole su bi layi ɗaya. Ka raba su. Ni da nine ma ɗakin kwananta kawai zan saka wa mai ɗumi, falon in saka na sanyi na gama gari wanda duk yaron shago zai iya gyarawa.

Dan_Bukuru:

Ni fa wlh ina ganin ana wahalar da kai ne kawai. Sanyin nan na ƙwarai wata nawa ne, Disamba da Janairu ne sai ɗan na Agusta in ruwa ya yi yawa. Ka sai mata bargo mai kauri irin na ƴan gwanjo da safa da hita ƙarama ta lantarki, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na esin ba. Mu a nan muka tashi, garin da ke saman dutse mita 1,200 ai dama an san da sanyi, iyayenmu da me suka yi? In abu ya lalace nan da shekara biyu a ce sai an aiko da bawul daga Legas sai kace me.

Injiniyan Sanyi:

Dan Bukuru maganarka ta kayan gyara tana kan hanya, shi yasa zan ce ya sayi na kamfanin da ke da wakili a ƙasar nan da takardar garanti. Amma batun hita ban yarda da kai ba saboda solarsu. Hita in ta ci wat 2,000 zafin wat 2,000 zata ba ka ba ƙari, ita ƙona wuta take. Shi esin ba ƙirƙirar zafin yake ba ɗauko shi yake daga waje, shi yasa da wat 700 zuwa 800 zai ba ka zafin da ya kai wat 2,500 ko sama, kusan ninki uku kenan, kuma in ɗaki ya ɗau ɗumi mai inbata zai sauko ƙasa sosai ya dinga lallaɓawa da wat 300 ko 400. Ka ɗora hitar wat 2,000 kan batir tubula biyu ka gani ko zata kai awa biyu.

Baban Ummi ga lissafin batirinka tunda ka tambaya. In 200Ah ne kowanne a bolt 12, biyun sun haɗa wajen kilowat awa 4.8 a takarda, amma tubula rabi ake so ka ci in kana son ya yi rai, saura 2.4 kenan. Esin in ya yi matsakaicin wat 400 na awa takwas ya ci 3.2, ka ga bai kai ba, kuma ban saka firij da fitilu da cajin waya ba. To ko dai ka ƙara batir, lithium mai kilowat awa 5 zai riƙe ɗakin har asuba in ba a haɗa shi da kaya da yawa ba, ko kuma a yi dabara, a kunna da yamma a ɗumama ɗakin a kulle ƙofa, a kashe in ta shiga bargo, a saita taima ya tashi kamar ƙarfe huɗu na dare tunda sanyin asuba ne mai cizo, lokacin alwala. In layinku Band A ne kuna samun wutar nefa da daddare to batir ba zai sha wahala ba sai dai mita, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 kowa ya koyi lissafi, an ɗan rage daga baya a shekarar amma bai sauko ƙasa da 200 ba. A nan ma esin ya fi hita sauƙi.

Maman Hanif:

Ɗan uwa ni ba ruwana da hos da bawul, ni ma'aikaciyar jinya ce, maganar kaskon nan ce ta tsaya min. Dan girman Allah ko wanne zaku saya ku gaggauta, musamman yanzu da kace an yi silin an saka taga mai rufewa ruf. Da can tsohon gini iska na shiga ta ko'ina shi yasa ake tsira, yanzu kun toshe ɗakin, garwashi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da bata da wari bata da kala, mutum ciwon kai zai fara ji da jiri da kasala sai bacci ya ɗauke shi shikenan, kuma tsofaffi da yara sun fi saurin faɗuwa. Ko garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi yana fitar da ita, mutane suna ɗauka in babu hayaƙi babu komai.

Sai abu na biyu, iskar hunturu dama a bushe take, in aka ɗumama ta ƙara bushewa take, sai ka ga haɓo da kaushin maƙogwaro da tari da daddare. Kar a kai shi 30 wai don ta ji daɗi, 22 zuwa 24 ya isa, a ajiye roba da ruwa a ɗakin ko a shanya jiƙaƙƙen tawul, ta dinga shafa man kaɗanya tana shan ruwa. Kuma kar a saka kan esin saitin gadonta yana busa mata a fuska. Ciwon ƙafar kuma a kai ta a duba, kar a bar shi a kan sanyi ne kawai.

Abu Sudais Madina:

Salam. Mu nan Saudiyya irin wannan esin ba baƙo bane, "har wa barid" suke ce masa da Larabci wato zafi da sanyi, garuruwa irin su Tabuk da Ha'il da sanyi ke tsanani kusan shi ake sakawa. Yana aiki sosai Baban Ummi kar ka yi shakka. Abin da nake so in ja kunne shine kar wani ya ce maka bari a sayo a nan a auno maka da kaya in an zo Umara, wutar Saudiyya 60Hz ce ta Najeriya 50Hz, haka na Amurka ma 60 ne. Na Dubai 50 ne irin namu. Wasu masu inbata suna karɓar duka biyun amma sai in an rubuta 50/60 a sitika, in ba haka ba ka bar shi, ga garanti babu.

Sannan ka gaya wa wanda zai dinga kunna mata, in an saka shi a ɗumi baya busawa nan take, zai yi shiru kamar minti uku zuwa biyar sai ƙarfen ciki ya yi zafi sannan fanka ta tashi, da yawa suna ɗauka ya lalace su ta danne danne. Kuma a karkatar da fiffiken ƙasa saboda iska mai zafi sama take gudu, in aka bar shi a miƙe silin zai sha ɗumi ƙafafun Hajiya na cikin sanyi. Ruwa ma a lokacin ɗumi injin waje ne ke ɗigar da shi ba na ciki ba, kar a ce yoyo yake.

Baban Ummi:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Maman Hanif kin tsorata ni wlh, yanzu na kira ƙanwata nace a fitar da kaskon nan ko Hajiya zata yi faɗa, a yi mata jakar ruwan zafi kafin a saka esin. Dan Bukuru bargon ma za a saya ai ba a fasa ba. Na tsaya a kan hos ɗaya mai inbata mai ɗumi a ɗaki, falon sai bayan sallah in aljihu ya huta. Injiniya saura abu ɗaya, batun gas ɗin esin mai shago yana ta ce min R32 wani kuma R410, sannan akwai wani na hannu ɗan Beljiyam mai arha da aka nuna min shi R22 ne kuma wai yana ɗumi, ya kake gani?

Injiniyan Sanyi:

Ɗan Beljiyam ɗin ka bar shi Yallaɓai. Gaskiya ne na Turai da yawa suna ɗumi, amma R22 tsohon gas ne da duniya ke kan daina shi, duk shekara ƙara wuya yake da tsada, kuma inji mai R22 kusan duk ba inbata bane sannan baka san shekarunsa ba. Tsakanin R32 da R410A duka suna aiki, ni R32 zan ɗauka don sababbin duk can suka koma, sai dai yana iya kamawa da wuta kaɗan in ya samu harshen wuta, don haka ba a walda a bututu da gas a ciki, kuma ba a cakuɗa shi da wani gas in an zo ƙari.

Mai saka maka shi ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Ka tabbata ya zo da injin bakyum ya zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu kafin ya saki gas, yawancin yaranmu ɗan buɗe gas suke ya fesa su ce ya kore iskar, wannan yana rage gas ɗin kuma danshin da ya rage yana cin kwamfuresa a hankali. Bututu ya zama jan ƙarfe na gaske ba alminiyam da aka yi wa fenti ba, a naɗe kowanne da soso daban har ƙarshe tunda a lokacin ɗumi zafi ne ke bi ta ciki, a toshe ramin bango da kyau. Injin waje a ɗaga shi daga ƙasa inda iska ke wucewa, a ja masa layinsa daban da bireka, in wutar unguwar tana yin ƙasa a haɗa da sitabilaiza. Ragar tace ƙura kuma a hunturu duk sati biyu a zare a wanke da ruwa a bari ta bushe, aikin minti biyar ne ƙanwarka ma zata iya. Kafin ka biya ka sa mai shago ya buɗe kwalin injin waje ka ɗauki hoton sitikar ka ɗora a nan in duba maka layin Heating ɗin, kuma ranar da aka saka kar mai aikin ya tafi sai ya kunna ɗumin a gabanka ka ji iskar da hannunka.