Shari'ar Malam-Buɗe-Littafi

Baba Mai Hoto, Ƙofar Soro

Salamu alaikum. Hotuna uku ne a gabanmu wannan makon, dukansu na malam-buɗe-littafi. Auta ya kawo farare da suka taru kan taɓo a bakin dam ɗin Ajiwa. Ɗan Marusa ya kawo baƙi mai ɗigon rawaya, ya baje fukafukai kan jan fure. Ɗiyar Daura ta kawo mai ruwan goro bisa tumfafiya, fiffikensa ɗaya a yage. Ƙa'ida tana nan yadda take: mai yabo da mai kushe, kowa da baiti zai zo. Bari in fara da ƙarami.

Da sunan Allah za ni buɗe bakina,
Shi ya ƙawata fiffike, bai sa rini ba.

Auta, na duba abin da ka kawo daga Ajiwa,
Na ga taɓo, na ga ruwa, ban ga malam ba.

Ga su nan jingim kamar an zubar da auduga,
Amma ko ɗaya cikinsu bai fito garau ba.

Rana tsaka ka ɗauka, haske ya cinye su,
Fari ya zama takarda, ba a ga jijiya ba.

Daga nesa ka tsaya ka zuƙo da yatsu biyu,
Wayar buɗa shi ta yi, ba ta matsa kusa ba.

Ga inuwarka ta miƙe a gefen hagu,
Har da hular kanka, ba mu gayyace ta ba.

Auta

Baba, Allah ya ja kwana, na karɓi bulala,
Sai dai ba ka ji uzurin ɗan naka ba.

Tumatir na kai kasuwa tun da sassafe,
Ban samu kaina kafin azahar ba.

Taku ɗaya na yi, suka watse kamar ƙaiƙayi,
Na ja baya, ba su fasa komowa ba.

Wai me suke nema a taɓo, ga fure birjik?
Wannan ya ɗaure min kai, ban gane ba.

Malama Mai Alli

Auta, tambayarka ta fi hotonka kyau,
Gishiri suke tsotsa, ba ƙishirwa ce kawai ba.

Yawancin masu taron nan maza ne,
Ruwan fure zaƙi ne, bai ba su gishirin ba.

Namiji ya tara, ya miƙa wa mace a barbara,
Guzurin ƙwai ne, ba kwaɗayi ba.

In masu baƙar jijiya ne, anza ta raine su,
In masu ɗan kore ne, ba su ƙi tafasa ba.

Da rai-ɗore ma, duk tsutsarsu tana ci,
Sai dai hotonka bai bar mu mun rarrabe ba.

Baba, a nan zan ɗan kare yaron naka:
Taron taɓo na zafin rana ne, ba na asuba ba.

Baba Mai Hoto

Na yarda, Malama, lokacin ba laifinsa ba ne,
Amma wayar tana da dabara, bai nema ba.

Taɓa farin a fuskarta, ka rage hasken,
Jijiya za ta fito, ba sai ka yi gyara ba.

Ka zo ta gefe, ka kwanta rub-da-ciki,
Inuwa in ta hau kansu, ba za su zauna ba.

Riga za ta ɓaci, wannan kuwa dole ne,
Ban taɓa ganin mai wanga aiki da farar riga ba.

Ɗan Marusa

To ku gusa, a ba mai kyamara wuri,
An gama da taɓo, yanzu aka zo kan burgewa.

Dubi baƙin nan kamar babbar riga mai aiki,
Ɗigon rawaya ɗaya bayan ɗaya suna jeruwa.

Ga jan ido can a gindin fiffiken baya,
Ko garin jikinsa kana iya ƙirgawa.

Babu dishi-dishi, babu inuwar hula,
Baba, miƙo kambun, ba sai an yi ta tattaunawa.

Baba Mai Hoto

Gaskiya, ɗana, haske ya zauna daidai,
Baya ya lafe, ba abin da ke tsone idanuwa.

Zamanin fim, muna wanki a ɗaki mai duhu,
Irin wanga muke sa wa gilashi muna ratayewa.

Ƙorafina ɗaya, ka cika masa kala,
Ganye ya yi shar kamar fentin ƙofa sabuwa.

Hannu ya yi nauyi wajen zuba masa gishiri,
In ban da wannan, ban ga abin cewa.

Malama Mai Alli

Baba, a gafarce ni, kada a yi saurin naɗi,
Akwai abin da zuciyata ta ƙi amincewa.

Ina ƙafafunsa? Duk sun naɗe a ƙirji,
Mai rai da ƙafa yake riƙe fure, har da ɗanɗanawa.

Ƙahonin kansa biyu sun langaɓe ƙasa,
Na mai rai a miƙe suke, suna shinshinawa.

Kuma irin wannan, ko yana tsakar shan fure,
Fiffikensa ba ya daina kaɗawa.

Ga tabo biyu a na gaba, garin ya goge,
Sawun yatsu ne, ba ya ɓoyuwa.

Ɗan Marusa, ƙanena, tsakaninka da Allah,
Hoton mai rai ka kawo mana, ko na gawa?

Auta

Inna lillahi! Ni da aka yi wa dariyar hula,
Nawa dai sun tashi abinsu, suna nan suna rayuwa.

Ɗan Marusa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya,
Kin kama ni dumu-dumu, ba ni da ta cewa.

A bishiyar lemun tsamin gidanmu na gan shi,
Na bi shi har na gaji, ya ƙi tsayawa.

Na kife shi da hula, don na ji an ce sanyi
Kan sa su yi laƙwas, su daina gujewa.

Na sa shi a firiza, gefen zoɓon uwargida,
Na ce minti biyar ne, ai wutar ba ta daɗewa.

Ranar kuwa wuta ta zauna har magariba,
Ni kuma na tafi ɗaurin aure, na yi mantuwa.

Da na buɗe, malam ya riga ya rufe littafi,
Sai na buɗe masa da hannu, na yi ta dannawa.

Baba Mai Hoto

Kaico! Na ɗauki amare, na ɗauki jarirai,
Yau gawa ta ruɗe ni, lallai tsufa na tahowa.

Sanyin da ka nema, Allah na ba da shi kyauta,
Fita bayan asuba, kafin raɓa ta gama bushewa.

Za ka same shi ƙarƙashin ganye ya yi lamo,
Sai hantsi ya ɗumama shi yake iya tasowa.

Na janye yabona, na ajiye hotonka gefe,
Gasar masu rai ce, ba ta masu daskarewa.

Ɗan Marusa

Na sha kaye, amma bakina bai mutu ba,
Bari in duba na 'yar garin rijiya.

Fiffike a yage kamar tsohon zanen kaka,
Wa zai rataya wannan a falo ba a yi masa dariya?

Na ƙirga ƙafafu, huɗu kacal na samu,
Ƙwaro shida gare shi, ko littafi ya yi ƙarya?

Duk furannin Daura ba ki ga na ɗauka ba,
Sai 'yar bayan gari, wai tumfafiya?

Ga baƙar leda ta maƙale can a kusurwa,
Tana leƙen mu kamar 'yar rakiya.

Ɗiyar Daura

Yaya, sannu da zaman makoki, ya haƙuri?
Nawa dai na baro shi yana shawagi lafiya.

A hanyar Daberam na same shi bayan la'asar,
Na tsuguna har ƙafata ta yi tsami cikin ƙaya.

Sau ashirin na danna, sha tara na goge,
Ina ɗauke numfashi don kada in motsa waya.

Yagewar na gan ta, ita ce ma ta tsayar da ni,
Na ce wannan da labari a baya.

Leda kuwa na amsa, ban lura da ita ba,
Sai da na koma gida na gan ta, na ji kunya.

Ƙafa dai ban cire masa ko guda ba,
Malama, ki fisshe ni daga wannan tambaya.

Malama Mai Alli

Shida ne, Ɗan Marusa, littafi na da gaskiya,
Biyun gaba ƙanana ne, a ƙirji suka ɓuya.

Duk danginsa da huɗu suke tsayuwa,
Naka mai shida ne, kuma bai taka da ko ɗaya.

Tumfafiyar da ka raina gidan ubansa ce,
A ganyenta aka yi ƙwansa, nan ya yi ƙuruciya.

Tsutsarsa mai zanen baƙi da fari da rawaya
Ta ƙoshi da ganye mai dafi, ta yi ajiya.

Dafin na nan jikinsa har ya yi fukafukai,
Tsuntsun da ya haɗiye shi zai yi amai, ya sha wuya.

Dubi yagewar, kamar an sa almakashi,
Ina zaton baki ne ya cafka, ya ji ɗaci ya juya.

Farin da ke shimfiɗe a fiffiken baya
Tambarin na yammacin nan ne na nahiya.

Baƙin ɗigo huɗu a tsakiyarsa, namiji ne,
Mace uku gare ta, ya ɗara ta da ɗaya.

Wannan kuma ya ƙi shiga baiti, ku yi mini haƙuri. Akwai wani malam-buɗe-littafi ɗan madaidaici mai ruwan lemo da baƙi, Vanessa cardui a sunan kimiyya, da ke tsallako Sahara daga Turai ya sauka yankin Sahel a ƙarshen damina. A watan Oktoba na 2013 an tsinci irinsa a bakin teku a Guyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, fukafukai duk a ragargaje. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka tashi suka ƙetare Tekun Atilantika, tafiyar da ba ta gaza kilomita 4,200 ba. Da Ɗan Marusa ne ya tsince su, da ya ce ba su dace da falo ba.

Auta

Yaya, ledar nan kada ta hana ki barci,
Akwai manhaja mai share ta a daƙiƙa ɗaya.

Baba Mai Hoto

Kul, Auta! Yau ka share leda, gobe ka ɗinke fiffike,
Jibi ka ƙara masa ƙafa, mu koma gidan jiya.

Taku ɗaya zuwa dama da ya fitar da ita,
Gyaran hoto da ƙafa ake fara shi, ɗiya.

Ni ido nake fara nema, na same shi garau,
Ga baki ya warware cikin fure kamar siririyar igiya.

Hasken la'asar ya biyo ta bayan fiffike,
Ya kunna shi kamar fitila, ana ƙirga jijiya.

Laifinki na biyu, kin matse shi da yawa,
Ƙahon dama ya kusa fita, ba ki bar masa hanya.

Da ledar da matsin, naki ne a gaba,
Auta na biyu, tunda bai da abokin takara ko ɗaya.

Kai kuma mai firiza, ba za ka tafi haka ba,
Malama, yanka masa tara, ni na ba ki wuƙa da tsinkiya.

Malama Mai Alli

Koma gindin lemun nan, ka duba saman ganye,
'Ya'yan mamacin na nan, ka yi musu ta'aziyya.

Ƙaramar tsutsarsa kamar kashin tsuntsu take,
Baƙi-baƙi da fari, da haka take ɓuya.

In ta girma ta koma koriya shar,
Ka taɓa ta, ta fiddo ƙaho biyu mai wari daga wuya.

Kawo mana hotonta a kan ganyenta ran Juma'a,
Ba hula, ba firiza, tana cin abincinta lafiya.

Ɗan Marusa

Kashin tsuntsu? Mai baƙi da fari a saman ganye?
Wayyo ni, ashe laifina ya wuce ɗaya.

Tun farkon damina nake kakkaɓe su ƙasa,
Kaji na bi na suna tsincewa, ni ina riƙe da tsintsiya.

Ina ta faɗa da maƙwabci kan tattabarunsa,
Har mun yi sati biyu ba gaisuwa a hanya.

Baba, a ɗaga min zuwa Juma'a ta sama,
In fara ba shi haƙuri, sannan in duba ko kajin sun bar guda ɗaya.