Musayar Waƙa: Mabuɗin Ƙofa Ya Koma Cikin Waya

Baffan Misfala:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na ga mutum-mutumi a Harami yana amsa wa wani alhaji tambaya da Hausa. Na dawo gida Misfala, unguwarmu a Makka, barci ya ƙi zuwa, sai da na ɗora waɗannan baitoci. Mai amsa ya kawo, amma da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayarwa, Mai kashewa,
Salati ga Manzo babu yankewa,
Wanda ya haskaka mana duniya.

Kakana ya baro Hausa da ƙafa,
Da jaki da gora da tsohuwar tufa,
Ya yi noma a Sudan har ya soma tsufa,
Kafin ya hango tekun Maliya.

Ya tsinci auduga a gonakin Jazira,
Kuɗin jirgin ruwa yake ta tara,
A Sawakin ya zauna yana jira,
Shekara bakwai yana kan hanya.

Yau a Kano ka karya da safe,
Ka shige cikin tsuntsun ƙarfe,
Kafin duhun magariba ya rufe,
Ga ka a Jidda cikin lafiya.

Ga jirgin ƙasa na Haramaini,
Tun 2018 muna ta gani,
Makka zuwa Madina a wannan zamani,
Awa biyu da 'yan kai an gama tafiya.

Jiya a Harami na ga abin mamaki,
Ƙarfe mai allo yana ta aiki,
Alhaji ya tambaye shi batun aski,
Ya amsa da Hausa, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Ni da na shekara talatin ina tafinta,
Ina wa baƙo jagora in ya ɓata,
In warware masa har ya fahimta,
Shin nawa aikin ya ƙare ke nan, 'ya'ya?

Ɗan Jarwal:

Wa alaikumus salam Baffa, Allah ya ƙara girma. Ni turin arabiya, wato keken da ake tura marasa ƙarfi a Harami, ce sana'ata, kowa a nan ya sani.

Baffa ka sosa inda ke min ƙaiƙayi,
Bari in faɗi tawa babu ɓoyewa.

Shekara tara ina turin arabiya,
Safa da Marwa, sau bakwai ba gazawa.

Na tura wata tsohuwa 'yar Zariya,
Ta riƙe hannuna tana ta godewa.

Ta ce, ɗana, a ina aka haife ka?
Na ce, nan Makka, Inna, cikin Hausawa.

Ta kwance bakin zane ta ba ni goro,
Da wata addu'a da har yau nake tunawa.

Yau ga keken lantarki an jera,
Ka biya ta waya, ka hau, sai wucewa.

Ba ya haki, ba ya gajiya, na yarda,
Amma ba ya jin sannu balle amsawa.

A 2017 aka yi taro a Riyad,
Mutum-mutumi ya zama ɗan ƙasa, ana tafawa.

Sunanta Sophia, ba uwa ba uba,
Ba kabarin kaka da take ziyartawa.

Ni kakana yana kwance a Mu'alla,
Igamata kuwa, takardar zama, kullum sai sabuntawa.

'Yar Jidda:

Baffa ina wuni. Yaya sannu da aiki. Ni kwamfuta nake karantawa, ku yi mini haƙuri in faɗi ɗan abin da na sani, ba don na fi ku ba.

Baffa ka kwantar da hankalinka,
Ƙarfen nan bai kai matsayinka,
Hausar da ya yi, daga bakin irinka
Aka tattaro ta aka zuba a na'ura.

Ƙirƙirarriyar basirar da ake faɗi,
Rubutun mutane ta haɗiye mai faɗi,
Ta auna kalma da kalma ta yi haɗi,
In ta rasa, sai ta ƙaga ta ƙara.

Larabci da Turanci ta sha ta ƙoshi,
Hausa kuwa ta ɗanɗana, ta ji ƙamshi,
Shi ya sa wani zancen take kwaɓa shi,
Sai mai harshen ya zauna ya gyara.

Na rubuta mata "gari" don in gwada,
Na tuwo nake nufi, ta kai ni fada,
Kukar miya da kukan ido ta haɗa,
Wa zai raba mata in ba ku ba, masu lura?

Amma Yaya kar mu manta alheri,
Ranar Arfa liman yana kan mumbari,
Fassarar Hausa na shigowa da sauri,
Ta waya, daga masallacin Namira.

Ummata ta sa abin ji a kunne,
Ta ji huɗuba da harshenta tana zaune,
Hawaye ya jiƙa mata gefen zane,
Ta ce, yau na ji komai babu saura.

Turmutsitsin Mina a 2015 ka tuna,
Namu da yawa a can suka kwana,
Yau kyamara na ƙirga taro dare da rana,
Kafin hanya ta cushe an yi dabara.

Inna ta Madina:

Ni ban iya rubutu a waya ba. Jikata ce take rubutawa, ni ina rerawa. In an ga kuskure nata ne da nawa.

'Yata kin yi magana, Allah ya yi albarka,
Matso kusa ki ji nawa bayani.

Da can kaset muke cikawa da gaisuwa,
Mu ba wa alhaji ya kai wa ƙani.

Amsa ba ta zuwa sai wani Hajjin,
Wani ya riga ya rasu muryarsa ta same ni.

Yau ina ganin fuskar ƙanwata a Fagge,
Tana tankaɗe, ta ɗago ta gaishe ni.

Wannan kam ni'ima ce, ban musa ba,
Na gode wa Allah da ya nuna min zamani.

Amma Rauda da nake shiga bayan asuba,
Shekara da shekaru ba mai hana ni,

Yau sai da izini a cikin manhaja,
Mai tsaron ƙofa ya ce in nuna ya gani.

Idona ya yi hazo, yatsana na rawa,
Na danna nan, allon ya ɓace ya bar ni.

Na koma gefe ina kallon Koriyar Ƙubba,
Na yi wa Manzo sallama daga inda aka tsai da ni.

Da dare in ce, ga ta nan ga ta nanku,
Jikoki na kan waya, ba mai kula ni.

Gizo da Ƙoƙi sun rasa masauki,
Sun tsufa a baki, sun tsufa kamar ni.

Ɗan Jarwal:

Inna kin sa ni ƙwalla. Ƙanwata, ga ɗan ƙari.

Ƙanwata na yarda da aikin kyamara,
Amma Hajjin 2024 ba na mantawa.

Zafi ya haura digiri 51 a Makka,
Sama da mutum 1,300 suka riga mu komawa.

Mafi yawansu ba su da tasrihi, izinin Hajji,
Ba tanti mai sanyi, ba motar hawa.

Wanda babu sunansa a cikin na'ura,
Rana kaɗai ce ba ta mance shi ba, 'yar uwa.

Na kwashi wani dattijo a bakin titi,
Ruwa na zuba masa a ka har ya samu farfaɗowa.

Baffan Misfala:

'Yata kin ce Hausarmu ba ta ishe ta ba,
To ni bakina bai rufe ba,
Akwai zantukan da ba a rubuta ba,
Na kakana, da ya kwaso a hanya.

Ki zo da na'urarki ki ɗauki zance,
Zango bayan zango, tun ban mance,
Abeshe, Fashir, Ubayyid, ki sa a rubuce,
Har Sawakin a bakin Maliya.

In na'ura ta koya, a gaya mata,
Ta faɗi bakin da ya shayar da ita,
Kar ta sha fura ta manta mai dama ta,
Hausar Takari ce, a faɗi gaskiya.

Kai kuma ɗana, maganarka ta yi nauyi,
Na juya, na rasa abin da zan yi,
Sai addu'a da asuba cikin sanyi,
Allah ya yanke maka wannan wuya.

'Yar Jidda:

Baffa na karɓa, sharaɗinka ya zauna,
Asabar ina Misfala da rana,
Amma Alhamis sai Madina,
Na yanki tikitin jirgi, ba sauran jira.

Inna ki ajiye wayar kusa da ke,
Manhajar Nusuk zan buɗe miki a tsanake,
Mu shiga Rauda hannunki da nawa a sarƙe,
Ki yi sallamarki kusa, ba mai kora.

Da dare kuma a shimfiɗa tabarma,
A kira jikoki su zauna su ma,
In kin ce ga ta nan, ni ce zan soma:
Ta zo mu ji ta, Inna, ki fara.