Ɓoyewa ce ko ajiya?

Maman Yara: Jama'a, raina a ɓace yake. Na aiki yarona cefane, ya dawo da kwano ɗaya na masara da ƙullin gishiri, kuɗin da a da nake haɗa masara da wake da manja har a miƙo canji. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai tukunyata ba ta ƙara cika ba. Ga masu ɓoye abinci sun ƙara mana zafi. Ina mafita?

Ɗan Dawanau: Hajiya, don Allah ki janye kalmar ɓoyewa. Ajiya muke yi. Wanda ya sayi gero da kaka ya zuba a sito, shi ke fito da shi da damina in rumbun manomi ya ƙare.

Malamin Islamiyya: Alhaji, ka riƙe hatsi kana jiran ya yi tsada mutane na kwana da yunwa, wannan ihtikari ne, shari'a ta hana.

Ɗan Dawanau: Allah gafarta Malam, Annabi Yusuf ma ajiyar shekara 7 ya yi.

Malamin Islamiyya: Ya tara ne don ya ciyar da jama'a a lokacin fari. Kai don wa ka tara?

Yayan Khadija: In ajiya ce, me ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta garƙame sito-sito a kasuwar hatsi ta Dawanau a Fabrairun 2024?

Ɗan Dawanau: Da aka garƙame, kwanon ya sauko? Naira ce ta faɗi, 'yan ƙasashen maƙwabta masu kuɗin sefa suka riƙa kwasar kaya a arha.

Manomi daga Funtuwa: Ku tambaye mu mana. Taki ya fi ƙarfinmu, gonar da ke nesa da gari kuma sai ka biya 'yan bindiga kafin ka girbe. Bara rabin gonata na bari ciyawa ta cinye.

Yayan Khadija: Baba, ai ku kuka zaɓo masu mulkin nan.

Manomi daga Funtuwa: Yaro, iya bakinka. Wa ya rufe boda a 2019 shinkafa ta tashi?

Yayan Khadija: Ɗan jiharku ne ai, Buhari!

Ɗan Dawanau: Kun gani, laifi ya bar kan ɗan kasuwa.

Shugaban zaure: To, a taƙaice an fahimci cewa ajiya halal ce, ɗan kasuwa ba shi da hannu, matsalar daga faɗuwar naira take. Ni ma shekara 20 ina harkar hatsi, na san haka ne. A rufe maganar.

Malamin Islamiyya: Ban yarda an fahimci haka ba, ranka ya daɗe.

Maman Yara: Ni dai ba wanda ya amsa min. Akwai masu son mu haɗa kuɗi mu biyar mu sayi buhu mu raba? An ce ya fi awo sauƙi.