Da me aka san Monreyal, kuma Faransancinmu zai wadatar a can?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana neman jami'a a Monreyal ta ƙasar Kanada. Da me aka san garin? Faransanci kaɗai ya isa, ko sai ya haɗa da Ingilishi?

Malamin Marwa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Garin yana kan tsibiri ne a kogin Saint-Laurent, cikin lardin Kebek, Faransawa suka kafa shi a 1642. Harshen hukuma a lardin Faransanci ne. Dokar 1977, wadda suke kira Loi 101, ita ta wajabta shi a allunan shaguna, ta kuma tura 'ya'yan baƙi makarantun Faransanci. Duk da haka ka shiga kanti a tsakiyar gari, da "Bonjour-Hi" za a tarbe ka, ka zaɓi wanda bakinka ya fi iyawa. Cikin jami'o'in garin, Université de Montréal da UQAM da Faransanci suke koyarwa, McGill da Concordia da Ingilishi. Karatu dai Faransanci ya ishe shi, amma wajen neman aiki mai harshe biyu ya fi samun shiga. Sai ya gyara kunne, don lafazinsu ba irin na Yawunde ba ne. A can dîner abincin rana ne, na dare souper.

Takardu kuwa a jere suke: takardar karɓa daga jami'a, sai CAQ, wato takardar amincewa daga gwamnatin Kebek, sannan izinin karatu daga gwamnatin tarayya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne shaidar kuɗi. Asusun da aka zuba wa miliyoyi dare ɗaya, ba bayanin inda suka fito, yana jawo a ƙi mutum.

Hajiya Ngaundere: Malam ya gama da harshe, ni sanyi zan ja masa kunne a kai. A Janairu ma'auni yakan zauna wajen 10 ƙasa da sifili, wasu ranaku ya wuce 20 ƙasa da sifili. Rigar sanyin gwanjo ta nan ba za ta yi ba, ya saya a can, da takalmi mai hana ruwa shiga da safar hannu da hula mai rufe kunne. Abin da ke rage wahala shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi huɗu, mai tayoyin roba, yana aiki tun 1966, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa sama da kilomita 30 da suka haɗa kantuna da ofisoshi. Yarjejeniyar hayar gida akasari 1 ga Yuli take juyawa. In ya ga 3½ a talla, ɗakin kwana ɗaya ne da falo da kicin, rabin shi ne banɗaki. Wutarsu volt 120 ce, dutsen guga na gida ba zai yi zafi ba.

Baban Kusiri: Kun bar asalin tambayar yaron nan. An san garin da gasar Olamfik ta 1976, da bikin kiɗan jazz a ƙarshen Yuni, da tseren motoci na Formula 1, da masana'antar jiragen sama. Hedikwatar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ma a can take. Abincinsu poutine ne, soyayyen dankali da cuku da romo, amma ya tambayi da me aka yi romon kafin ya ci. Naman halal yana nan a mahautan Larabawa na titin Jean-Talon. Kuma farashin da ke jikin kaya ba shi zai biya ba, a wajen biya ake ɗora haraji kusan kashi 15 cikin 100.