Ɗana ya nace sai ya ɗauki ilimin motsa jiki a SS1, ku ba ni shawara

Maman Abba, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ɗana zai shiga SS1, ya ce sai ya haɗa da darasin ilimin motsa jiki. Kullum bayan la'asar yana filin Murtala wajen ƙwallo. Babansa ya ce wannan wasa ne, ba karatu ba. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah darasin nan yana kai yaro wani wuri?

Malamin ilimin motsa jiki (PHE), Kawo:
Wa alaikumussalam Hajiya. Shi nake koyarwa, kuma wallahi ba buga ƙwallo kaɗai ba ne. Yaro zai san ƙasusuwa 206 na jikin babba, yadda zuciya ke harba jini, abincin da ya dace da ɗan wasa, da taimakon gaggawa idan wani ya yi targaɗe ko ya suma. WAEC da NECO duk suna yin jarrabawarsa. ABU Zariya na da sashe guda na wannan fanni, ana fitowa malami ko mai horarwa. Ki fara tambaya ko makarantarsu na da malamin, don da yawa ba su da shi.

Yaya Hauwa, Barnawa:
'Yar'uwa, ki kula da abu ɗaya. Idan gashin ƙashi na asibiti yake so, sai da Bayoloji, Kimistiri da Fizik. Kada ya saki waɗannan.

Maman Abba, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Malam, ranar Litinin zan je makarantar tare da babansa.